Yaron da ba ya iya kai ƙara

Wata uwa ta taɓa kawo mana 'yarta kurma asibiti, mai shekara tara, wai fitsarin kwance ya dawo mata bayan ta daɗe da dainawa. Muka auna, ba zazzaɓi, ba ciwon mara. Sai da muka zaunar da yayarta, wadda ita kaɗai ke gane maganar hannunta a gidan, sannan muka ji wanda ke tare ta a hanyar makaranta. Ashe ta daɗe tana nunawa, ana cewa rigima ce kawai. Har yau abin yana ci mini rai.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mugu yana neman yaron da ba zai iya gudu ba, ko ba zai iya faɗa ba, ko in ya faɗa ba za a yarda ba. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2012, ya nuna haɗarin cin zarafi a kan yara masu naƙasa ya kusa ninki huɗu na sauran yara. UNICEF kuma, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta a 2021 cewa yawan yara masu naƙasa a duniya ya kusa miliyan 240, wato ɗaya cikin yara goma.

Sau da yawa tsagewar daga gida take. In iyaye suna kiran yaro "gurgu" ko "bebe" alhali yana da suna, me zai hana yaran waje ƙwace masa sanda su bar shi yana rarrafe? Tura shi bara kuwa, babba na karɓe kuɗin, ci da gumi ne ko da uwa ce ta tura. Sashe na 16 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ya wajabta wa gwamnatoci kare su daga wannan, a cikin gida da waje.

Iyaye, don Allah ku koya wa yaro sunayen gaɓoɓinsa, har da al'aura, da baki ko da hannu ko da hoto. Kunya ba ta nan. Wanda ke buƙatar taimako wajen wanka da bayi, a tsayar da mutum ɗaya ko biyu, shi ma ya san su waye. Ku lura in ya fara ƙin makaranta, ko yana firgita cikin barci, ko yana maƙalewa jikinku duk sanda wani ya shigo. In ya nuna mutum, ku yarda da shi tukuna, bincike ya biyo baya, ko da ɗan uwa ne.

In kuna zargin fyaɗe, kada a wanke kayan da ke jikinsa. Ku kawo shi asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki.