Kwamfuta ta tashi amma allo baƙi ƙirin: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan kullum su ne, daga ma'aikatan ofis har masu shagon buga takardu a Taminus da ke Jos. Ga amsoshin wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Monitar ce ta mutu?

Da wuya. In ta rubuta "No Signal", da ranta, hoto ne bai iso mata ba. Danna maɓallinta ka zaɓi mashigar da ka jona, HDMI ko VGA ko DisplayPort.

In yi mata fomatin?

A'a. Injin da bai nuna ko tambarin kamfaninsa ba bai ma kai ga Windows ba. Me za ka goge?

Monita biyu gare ni, duk sun ƙi.

Cire ɗaya, ka gwada da waya ɗaya. Sannan leƙa baya. In akwai katin hoto, wato katin da ake sawa daban don fitar da hoto zuwa monita, ramukansa suna ƙasa a kwance. Na sama, kusa da USB, na madabod ne, wato babban faifan cikin akwatin da ake jona komai a kai, kuma galibi ba sa bada hoto muddin kati na ciki. Mutum ya share ofis ya mai da waya ramin sama, sai ya zo yana cewa injin ya ƙone. Haba malam.

Fanka na juyawa, fitila na ci, waya daidai take, amma shiru. Me ya rage?

To, nan ne ake haƙuri, domin abu huɗu ko biyar duk alamarsu ɗaya ce. Cire wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20 wutar da ta saura ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki.

Fara da RAM, 'yan sandunan memori da ke tsaye a kan madabod, shi ya fi yawan laifi, musamman a Jos in hunturu ya cika injin da ƙura. Zare su duka, ka goge haƙoran nan masu ruwan zinariya da abin goge fensir, ka hure ramin, ka mai da guda ɗaya tak har ka ji ya ce ƙas. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci na biyu daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ake fara sakawa, amma duba rubutun jikinta. Bai yi ba, canja sanda, canja rami. In RAM ɗin samfurin DDR5 ne kuma sabon haɗi, ka ba shi 'yan mintuna, yakan daɗe a tashin farko, kada ka yi ta kashewa.

Daga nan sai batirin CMOS, ɗan faifan nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, lambarsa CR2032, volt 3. Cire shi minti biyar ka mayar, saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tada injin kafin Windows, zai koma na asali. Sai katin hoto: zare shi ka jona monita a madabod. Sai dai a kula, wannan gwajin ba ya aiki in furosesar ba ta da nata hoton, kamar Intel masu F a ƙarshen lamba, ko yawancin Ryzen na kafin jerin 7000 da ba su da G. Duba kuma wayar kati mai ƙafa 6 ko 8, da ta furosesa mai 4 ko 8, ko sun zauna.

Wasu madabod suna da ƙananan fitilu huɗu, CPU (furosesa), DRAM (RAM), VGA (katin hoto), BOOT (tashin Windows). Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Wasu ƙara suke yi, amma ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kada ka ɗauki ta Dell ka fassara ta HP. In duk wannan bai yi ba, zargi ya koma kan fawa sufulai, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, ko madabod. Juyawar fanka ba shaidar lafiyar fawa ba ce, tana iya juya fanka ta kasa ɗaukar kati. Aro wata ka gwada kafin ka kashe kuɗi. Kwantar da hankalinka, fayilolinka suna kan had dis, wannan matsalar ba kasafai take taɓa su ba.

Ta gwanjo ce daga Amurka, ina jonawa ta yi fau da hayaƙi.

Tsofaffin fawa suna da ɗan jan makunni a baya, 115 da 230. Wutarmu volt 230 ce. Ka bar shi a 115, ka ƙona ta. Sayi wata fawar.

Bayan tsawa ta daina nunawa.

Damina a Jos ka bar kwamfuta a soket ana walƙiya? Gwada wata mashigar, wani lokacin ramin HDMI kaɗai ke tafiya.

In buɗe fawa sufulai in gyara da kaina?

Kul. Kafasitocin ciki, wato 'yan gwangwanayen ajiye lantarki, suna riƙe wuta ko an cire soket.