Waiwaye: Yarinyar da aka kora cikin dusar ƙanƙara, daga dandamali zuwa majigi

Duk wanda ya taɓa leƙa tarihin silima zai yi wuya bai ci karo da wannan hoton ba: wata yarinya kwance a sume a kan falan ƙanƙara, gashinta da hannunta ɗaya na jan ruwa, kogi yana tafiya da ita zuwa bakin magangara, wani saurayi cikin ƙatuwar rigar sanyi yana tsalle daga wannan falan zuwa wancan don ya cim mata. Fim ɗin shi ne Way Down East na shekarar 1920. Abin da aka fi mantawa shi ne, kafin a ɗauki wannan hoton labarin ya shekara fiye da ashirin yana yawo a dandamalin garuruwan Amurka, kuma a wancan wasan na asali babu kogi ko kaɗan. Abin da ya riƙe mutane shekara da shekaru wani abu ne daban, wanda ke faruwa a cikin gida, a bakin teburin cin abinci.

A ƙarshen ƙarni na 19 Amurka tana cikin wata irin ƙaura. Samari da 'yan mata suna barin gonakin iyayensu, musamman a yankin arewa maso gabas da ake kira New England, inda ƙasa ke da duwatsu kuma sanyi ke da tsanani, suna kwarara birane da masana'antu. Wanda ya bar gida kuwa ba ya rabuwa da begen gida. Masu shirya wasan kwaikwayo suka gane haka, sai wasannin ƙauye suka zama kasuwa mai ci. Denman Thompson ya fito da The Old Homestead a 1886, labarin wani dattijon manomi da ya shiga New York neman ɗansa, ya kuma ci gaba da fitowa a matsayin wannan dattijo kusan har rasuwarsa a 1911. James A. Herne ya biyo da Shore Acres a farkon shekarun 1890. Kayan haɗin duk kusan iri ɗaya ne: tsohon gida, dattijo mai riƙon addini, waƙoƙin da aka saba ji tun ƙuruciya, 'yan barkwancin ƙauye, wani lokaci har da dabbobi masu rai a kan dandamali. Mutumin birni ya biya kuɗinsa, ya zauna awa biyu ko uku yana shaƙar ƙamshin garinsu.

A cikin wannan zubi Way Down East ya fito. Sunan kansa na yankin ne, domin matuƙan jiragen ruwa da ke tashi daga Boston zuwa gaɓar Maine iska ce ke tura su ta baya zuwa gabas, shi ya sa ake ce wa wajen "can gangaren gabas". Wadda ta rubuta shi mace ce, Lottie Blair Parker, wadda ita ma ta taɓa zama 'yar wasa. Wani mai shirya wasanni, William A. Brady, ya karɓi wasan, ya ba Joseph R. Grismer ya yi masa kwaskwarima. An fara nuna shi a Newport ta jihar Rhode Island a watan Satumba na 1897, sannan ya shiga New York a watan Fabrairu na 1898. Matar Grismer, Phoebe Davies, ita ce ta riƙe matsayin Anna Moore, ta kuma maimaita shi sau dubbai cikin shekarun da suka biyo baya. A 1900 Grismer ya mai da labarin littafi. Ƙungiyoyin 'yan wasa suka riƙa bin layin dogo da shi gari gari, har ya zama akwai mutanen da ba sa shiga gidan wasa saboda tsantseni na addini, amma in an ce wannan ne ya zo sai su je.

Ga yadda labarin yake. Anna, marainiya marar galihu, ta iso gonar dattijo Bartlett tana neman aikin gida. Matar gidan ta tausaya mata, aka ɗauke ta. Ba wanda ya san cewa wani ɗan masu kuɗi, Lennox Sanderson, ya taɓa yaudararta da auren bogi, ya gudu ya bar ta da ciki, ta haihu, jaririn ya rasu. Ta zauna lafiya da kowa, ɗan gidan mai suna David ya kamu da sonta, ita kuwa tana kaucewa saboda abin da ta sani a ranta. Ashe Sanderson maƙwabcin gonar ne, yana shiga gidan yana fita, har yana neman wata 'yar uwar masu gidan. Daga nan sai magulmaciyar gari, Martha Perkins, ta tsinto rabin zance ta kawo wa dattijo. Shi kuma ya bincika, ya tabbatar an yi haihuwa ba miji, ya dawo cikin dare ana zuba dusar ƙanƙara, ya nuna wa yarinya ƙofa.

Nan ne zuciyar wasan take. Kafin Anna ta fita sai ta juyo. Ta ce wa dattijon tunda ya iya bincike, me ya hana shi binciko gaskiyar duka? Ta nuna mutumin da ke zaune a teburinsa ana karrama shi a matsayin baƙo, ta ce ga wanda ya cuce ta, a tambayi tasa rayuwar. Ni a ganina wannan jawabi shi ya raba wasan da sauran takwarorinsa. Sauran suna cewa ƙauye tsarki ne, birni ne ɓata. Parker ta yarda ta ba 'yan kallo ƙauyen da suke bege, da waƙoƙinsa da barkwancinsa, amma ta nuna musu cewa a cikin wannan gidan na mutunci ne aka auna mace da mudu ɗaya, namiji da wani. Dattijo Bartlett ba mugu ba ne, mutum ne mai karanta littafinsa na addini kullum, kuma da hannunsa aka yi zaluncin. Ba ƙaramin abu ba ne a ce mace ta rubuta wannan a 1897, aka kuma yi ta nuna shi a gaban irin su Bartlett ɗin, suna zaune da matansu da 'ya'yansu.

A dandamali, bayan korar, David ne ke bin sawunta ya same ta cikin sanyi, a kai ta wata bukka a daji inda ake dafa ruwan zaƙin itace, dattijo ya zo ya nemi gafara, a rufe labule. Dusar ƙanƙarar ma ta takarda ce ake zubowa daga sama.

Da majigi ya fara ƙarfi, masu shirya fim suka rasa labarai, suka faɗa wa wasannin da jama'a ta riga ta sani. A 1908 kamfanin Kalem ya yi nasa Way Down East, Sidney Olcott ya ba da umarni. Finafinan wancan lokaci faifai ɗaya ne, minti goma zuwa sha biyar, babu magana, don haka abin da ake yi bai wuce a tsinko manyan fitowa a jera ba, a bar ɗan kallo ya cike sauran daga abin da ya gani a dandamali. An sake yin wani a 1914. Waɗannan biyun ba su bar wani tasiri ba, amma kamfanin Kalem ya shiga tarihi ta wata ƙofar da ta shafi zancenmu. A 1907 ya ɗauki littafin Ben-Hur ya mai da shi fim ba tare da neman izinin kowa ba. Masu haƙƙin littafin suka kai ƙara, shari'a ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, a 1911 aka yanke hukunci cewa fim ma dole ya mutunta haƙƙin mallaka, Kalem ya biya dala 25,000. Daga ranar tsofaffin wasanni suka zama kadara. The Old Homestead ya hau majigi a 1915 da 1922, Shore Acres a 1914 da 1920.

Wannan ne ya sa da daraktan fim D. W. Griffith ya so Way Down East sai da ya ajiye dala 175,000 kafin a ba shi izini, kuɗin da ya zarce abin da ya kashe gaba ɗaya a kan The Birth of a Nation na 1915. Dole a faɗi gaskiya game da Griffith: wancan fim nasa ya ci mutuncin baƙaƙen fata, ya wanke Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙiyayyar baƙaƙe, kuma illarsa ta daɗe. Gwanintarsa ba ta goge wannan ba. A 1920 yana cikin matsin kuɗi, ga sabon wurin ɗaukar fim da ya kafa a Mamaroneck kusa da New York, ga nauyin kamfanin United Artists da suka kafa a 1919 shi da Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks. Mutane da yawa suka ɗauka ya yi wauta da ya zuba irin wannan dukiya a kan tsohon yayi. Lillian Gish kanta, wadda aka ba matsayin Anna, ta faɗa daga baya cewa da ta karanta wasan ta ga kamar zamaninsa ya wuce.

Abu biyu Griffith ya ƙara. Na farko, duk abin da a dandamali labarinsa kawai ake ji, shi ya nuna shi ƙuru-ƙuru: zuwan Anna gidan danginta masu arziki a Boston, yadda suka raina ta, daɗin bakin Sanderson, ɗaurin auren bogi, ranar da ya gaya mata gaskiya, rasuwar mahaifiyarta. Sai daren da ta zauna ita kaɗai a ɗakin haya da jariri yana fama, ba malamin coci kusa, ta ɗebo ruwa ta yi masa baftisma da hannunta, ta yi ta hura wa 'yan yatsunsa iska tana ƙoƙarin ɗumama su bayan rai ya riga ya fita. Ban san wani wuri a finafinan da ba magana da ya kai wannan taɓa zuciya ba. Amfaninsa kuma a fili yake: lokacin da gulma ta iso gidan Bartlett, ɗan kallo ya riga ya san abin da dattijon bai sani ba, don haka korar takan sauka a ƙirjinsa kamar shi aka kora.

Na biyu shi ne kogin. Griffith ya ƙi yarda da dusar takarda. Suka jira guguwar gaske ta sauka a Mamaroneck, aka ɗauki Gish tana tafe a cikinta har ƙanƙara ta daskare mata a gashin ido. Daga nan aka tafi White River Junction a jihar Vermont, inda aka riƙa yanka ƙanƙarar kogi da zarto, ana fasa ta da nakiya don a samu falaye masu tafiya. Gish ta yi kwanaki tana hawa tana kwanciya a kai cikin 'yar riga marar kauri. Ita ta kawo shawarar ta bar hannunta da gashinta cikin ruwa, kuma hannun nan bai daina damunta ba har ƙarshen rayuwarta, ta kuwa rayu har 1993. Richard Barthelmess ne David mai tsalle. An ƙarasa wasu sassan a kogin Farmington na jihar Connecticut, aka kuma saƙa hoton magangarar Niagara a tsakani, ta yadda mai kallo zai rantse duk wuri ɗaya ne. Billy Bitzer da Hendrik Sartov ne suka riƙe kyamara. Bayan shekara shida, a Rasha, darakta Vsevolod Pudovkin ya rufe fim ɗinsa Mother na 1926 da fashewar ƙanƙarar kogi, masana kuma sun daɗe suna danganta wannan da abin da ya gani a wurin Griffith.

An buɗe fim ɗin a New York ranar 3 ga Satumba, 1920, ya kuma tara sama da dala miliyan 4, ya zama na biyu a samun kuɗi cikin duk ayyukan Griffith. Shekarar ma abin lura ce. Ƙidayar 1920 ce ta fara nuna cewa mazauna birane sun fi mazauna karkara yawa a Amurka, kuma a watan Agusta na shekarar, makonni kaɗan kafin fitowar fim ɗin, aka tabbatar wa mata 'yancin jefa ƙuri'a a tsarin mulki. Ƙauyen da ake bege ya ƙara nisa, tambayar da Anna ta yi a bakin tebur kuma ta ƙara kusa.

Hukumomin tace finafinai ba su bar shi ya wuce haka nan ba. Ta jihar Pennsylvania ta nemi a yanke wurare sama da 60, ciki har da auren bogin da duk wata alama ta juna biyu. Abin yana ba ni takaici, domin in ka cire waɗannan ka cire hujjar yarinyar, ka bar ta da laifi ba bayani, wato dai abin da Martha Perkins ta yi mata.

A farkon shekarun 1930 an sake fitar da fim ɗin a taƙaice da kiɗa a jikinsa. A 1935 kamfanin Fox ya yi sabo mai magana, Henry King ya ba da umarni, Henry Fonda yana farkon tashensa ya fito a David, Rochelle Hudson ta fito a Anna, inda ta maye gurbin Janet Gaynor da ta ji rauni ana cikin aiki. Bai yi armashi ba, daga shi kuma Hollywood ba ta sake waiwayar labarin ba. Na 1920 ne ya rayu, kuma gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya yi aikin haɗa abin da ya saura na sassansa da aka yayyanke. Yau haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kowa na iya kallonsa a intanet, sai dai abin da aka fi yaɗawa 'yan mintunan kogin ne kawai.

Wanda ya samu dama ya kalle shi tun daga farko, ya kuma tsaya har bayan an tsamo ta. A bukkar nan ta daji dattijo Bartlett ya sunkuyar da kai ya nemi gafara. Sanderson ma ya matso ya ce yanzu a shirye yake ya aure ta na gaskiya, Anna ta kau da kai. Ya juya ya fita abinsa, da dukiyarsa da gonarsa, ba wanda ya tare shi a ƙofa, aka shiga hidimar ɗaurin aure uku a gidan Bartlett, ciki har da na Anna da David.