Binciken ɓeraye da maganin taɓin hankali

Jama'a, idan kun ci karo da saƙo a WhatsApp cewa wai masana sun gano sinadarin tsirrai da ke warkar da sikizofireniya, ku ɗan dakata. Wannan shi ne taɓin hankalin da mutum ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya riƙa zargin ana bibiyarsa. Ana binciken kam, amma a kan ɓeraye.

Sinadarin, folisakarayid, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yana cikin yauƙin kuɓewa, yana cikin ƙaro. Masu bincike, musamman a ƙasar Sin, suna tace irinsa daga tsirrai kamar goji, wani tsiro mai ƙananan jajayen 'ya'ya.

Ga yadda ake gwajin. Ana yi wa ɓera allurar ketamin ko MK-801, masu toshe wata hanyar saƙo a ƙwaƙwalwa, sai ya rikice ya riƙa mantuwa. A ba wasu sinadarin, a bar wasu haka. Daga nan a saka su cikin babban baho mai ruwan da ba a ganin ƙasansa, an ɓoye ɗan dandamalin tsayawa a ciki, a ga wanda zai tuna inda yake. Ko a ajiye wa ɓera abu biyu, daga baya a musanya ɗaya: mai lafiya ya fi tsayawa shinshinar sabon.

Neman yana da dalili. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 24 ke fama da ciwon. Magungunan asibiti irin su haloperidol da risperidone da olanzapine suna kwantar da muryoyi da zargi, amma ba su cika taɓa mantuwa da rashin tara hankali ba, alhali su ne ke hana mutum komawa rumfarsa ko makaranta.

Sai dai ɓera ba zai ce maka yana jin murya ba, kuma allura ce ta rikita shi. Magunguna da yawa sun yi wa ɓeraye aiki, da aka zo kan mutane suka gaza.

Don Allah, mai shan ƙwayar asibiti kada ya ajiye ta saboda garin magani ko jiƙo. Dainawa kwatsam kan dawo da ciwon. In ƙwayar na sa shi yawan barci, rawar hannu, sanƙarewar wuya ko dalalar yawu, a mai da shi wurin likita a asibitin ƙwaƙwalwa, ko a Dawanau ne, ko Barnawa, ko Kware, a gyara masa awo ko a canza. A tafi da kwalin maganin, da duk abin gargajiyar da yake sha, likita ya gani.