Iraniyawan Los Angeles

Iraniyawan Los Angeles al'umma ce ta baƙi 'yan asalin Iran da zuriyarsu mazauna birnin Los Angeles da kewayensa a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ana lissafa ta cikin manyan tarukan Iraniyawa a wajen ƙasarsu. Yawansu ne ya sa ake yi wa yankin laƙabi da Tehrangeles, wato an haɗa sunan Tehran da na birnin. Alƙaluman ƙidayar gwamnati ba su kai waɗanda ƙungiyoyin al'ummar ke bayarwa ba, domin wasu na cewa sun kai dubu ɗari uku ko fiye.

Tarihi

Ɗalibai ne suka share fage tun wajajen shekarun 1960, kuma kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara yawansu har 'yan Iran suka fi ɗaliban kowace ƙasar waje yawa a jami'o'in Amurka. Babban ƙaura ya biyo bayan juyin juya halin 1979 da ya kawar da mulkin sarkin Iran, Shah Muhammad Reza Pahlavi, sannan yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 ya tura wasu iyalai. Cikin waɗanda suka fito akwai jami'an tsohuwar gwamnati, likitoci, injiniyoyi da 'yan kasuwa, da kuma mabiya ƙananan addinai: Yahudawa da yawa sun zauna a Beverly Hills, Armeniyawa a Glendale (garuruwa ne a kewayen Los Angeles), ga kuma Baha'awa da Zoroastriyawa. Farkon zamansu bai yi daɗi ba, saboda garkuwar kwana 444 da aka yi da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran ta jawo musu tsangwama, abin da ya sa da yawa suka gwammace kiran kansu Farisawa.

Da aka hana kiɗan zamani a Iran, mawaƙa da dama sun koma Los Angeles, inda suke naɗar kaset ana shigar da su Iran a ɓoye. Daga baya tashoshin talabijin na tauraron ɗan'adam masu watsa shirye-shirye da Farisanci suka biyo sahu.

Yau

Cibiyar al'ummar tana kan titin Westwood, kusa da Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles (UCLA), kuma a 2010 majalisar birni ta sa wa wata mahaɗar titin suna Dandalin Farisa. Jimmy Delshad, haifaffen birnin Shiraz na Iran, ya zama magajin garin Beverly Hills a 2007. Ana bikin Nowruz, wato sabuwar shekarar Iraniyawa, kowane watan Maris.

A siyasa kawunansu a rabe suke tsakanin masu son dawo da sarauta, masu neman jamhuriya da masu goyon bayan sulhu da Tehran.