Waiwaye: Cunkoson Tsakiyar Sakkwato da Dogon da Ya Tsaya a Ƙaura Namoda

Maganar yanke gajeruwar hanya da za ta haɗa manyan tituna don rage cunkoso a tsakiyar Sakkwato ta sake raba kan jama'a. A majalisun dare da Facebook, wasu na cewa 'yan kabu-kabu da masu keke napep ne matsalar, a tsawata musu kawai magana ta ƙare. Wasu na cewa masu tebur da 'yan kura ne suka cinye rabin kwalta. Su kuwa masu gidajen da irin wannan hanya kan bi ta kansu, tambayarsu ba ta sauyawa: "Diyya fa? Ina za mu koma?" Duk ana magana kamar bara aka kwana aka tashi da cunkoson, alhali ya girmi mafi yawan masu gardamar.

Tarihin farko kowa ya san shi. Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, Shehu Usmanu ya dawo cikinsa a 1815, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya. Lungunan cikin gari na mai tafiya a ƙasa ne da doki da jaki, kuma kusan kowanne fada ya nufa, ko masallaci, ko kasuwa. Turawa suka ci garin a 1903, suka yi unguwarsu a wajen ganuwa ta kudu. Daga arewa kuma gulbi da fadama sun tare.

Abin da ba a cika kawowa cikin wannan muhawara ba shi ne 1929. A wannan shekara aka kammala layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda. Gyaɗa da auduga aka bi, kuma inda suka fi yawa nan aka kai ƙarfen. A shekarar ce tattalin arzikin duniya ya karye, kuma har yau jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Sakkwato ba.

Mutum zai ce me ya haɗa jirgin da bai zo ba da cunkoson titin Ahmadu Bello? A duba garuruwan da ya je. Da dogo ya isa Kano a 1911, tasharsa a wajen badala aka yi ta. Kamfanonin saye da rumbunan ajiya da 'yan dako suka bi ta can, ciniki mai nauyi ya samu wani gida daban da na cikin birni. Haka aka yi a Zariya, inda Sabon Gari ya tashi a gindin tasha, tsohon birni yana can gefe da zamansa. Gusau ma da jirgi ta zama garin da muka sani. Duk waɗannan garuruwa sun samu cibiya ta biyu wadda ta ɗauke wa ta farko kaya.

Sakkwato ba ta samu wannan ba. Fatar jar akuyarmu da ake nema har ƙasashen Turai sai dai a ɗora ta a raƙuma da jakai, daga baya a manyan motoci, a kai ta inda jirgi yake. Gishiri da yadi da kananzir su biyo wannan hanya su dawo. Ita kuma mota ba ta da tashar da ta zama dole ta tsaya kamar jirgi. Har bakin shagon mai kaya take zuwa. Da haka al'ada ta kafu, cewa lodi da sauke kaya a ƙofar kasuwa ake yi, cikin gari. Dillali ya zauna kusa da inda mota ke tsayawa, ɗan dako ya kama ɗaki kusa da dillali, mai abinci ta kafa tukunyarta kusa da su duka. Ko da ciniki ya bunƙasa aka samu Sabuwar Kasuwa bayan Tsohuwar Kasuwa, wurin ya faɗaɗa ne kawai, tsarin bai sauya ba. Albasar da za ta tafi kudu, dabbobin Kara, kayan da suka biyo hanyar Illela daga Nijar, na hanyar Gusau da na hanyar Birnin Kebbi, duk yanki ɗaya suke nufa. A ganina nan ne tushen ciwon, shi ya sa korar mai tebur ba ta wuce mako biyu sai a ga ya dawo. Inda ciniki yake nan zai tsaya, kuma shi ma iyali gare shi.

Sauran labarin da sauri ya zo. Garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta Jihar Sakkwato a 1976, an kafa jami'a a 1975. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka kwararo. Mabera, Arkilla, Runjin Sambo, Gidan Igwai, kowace unguwa ta rataya a jikin babban titin da ke kai ta tsakiyar gari, kamar yatsu a tafin hannu. Tsakanin wannan unguwa da maƙwabciyarta kuwa sai lungu da kwata da hanyar da damina ke yankewa. Gonakin da suka raba su aka yanka fuloti-fuloti, mai saye ya gina har bakin iyakarsa. Ba mugunta ba ce, kowa muhalli yake nema. Amma sakamakon shi ne mai zuwa gaisuwar rasuwa a unguwar da yake hangowa daga ƙofar gidansa sai ya fara shiga shataletalen da motar albasa ke ciki.

An yi hanyoyin kewaye na gabas da yamma, an yi gadojin sama, kuma sun taimaka. Sai dai hanyar kewaye matafiyin da zai wuce take amfana, gadar sama kuma mahaɗa ɗaya take warwarewa. Ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a, ta nuna wa kowa abin da ke faruwa idan wuri yana da hanyar shiga guda ɗaya tak.

Don haka ina tare da masu son a yanke gajeruwar hanyar, matuƙar an biya masu gidaje haƙƙinsu kafin katafila ta iso, kuma an yi mata magudanar ruwa. Za ta cire masu zirga-zirgar unguwa zuwa unguwa daga tsakiyar gari, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai kai yara makaranta ko maras lafiya asibiti. Abin da ba za ta iya ba shi ne raba babbar mota da ƙofar kasuwa. Wannan sai an samu filin lodi da ajiya a bakin gari, a jikin hanyoyin kewaye, wanda dillalai za su yarda su koma. A Gagi da More da Kwannawa kuma, inda gari ke miƙewa yanzu, har yau akwai sauran filayen da za a iya shata hanyoyin haɗi a kansu ba tare da an rushe ɗakin kowa ba.