Holotaif: ƙashin da aka ɗaure sunan halitta a jikinsa

Ɗalibanmu da ke karatun ilimin ƙasa a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, da masu bin labaran tone-tonen da ake yi a hamadar Nafud, suna yawan cin karo da kalmar holotaif a takardun masana burbushin halittu. Da yawa suna ɗauka ana nufin ƙashin da ya fi kyau, ko wanda aka fara samu. Ba haka abin yake ba. Holotaif samfuri ne guda ɗaya tak, haƙori ne ko muƙamuƙi ko ƙoƙon kai ko ƙwarangwal ɗin dabba ɗaya, wanda masanin da ya raɗa wa sabon nau'in halitta suna ya ware a takardarsa ta farko, ya ce sunan nan na wannan abu ne. Kamar turke yake: duk yadda fahimtar masana game da dabbar ta yi yawo, igiyar sunan a nan take ɗaure. In bayan shekara ɗari gardama ta tashi, wani ya ce ƙashin da na tono na nau'i kaza ne, wani ya ce a'a, wurin holotaif za a koma a gwada.

Akwai dokar da ke tafiyar da wannan, wato ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna ta ƙasa da ƙasa. Lissafin sunaye ya fara ne daga aikin Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, na 1758, kuma bugun dokar na huɗu ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2000. Tun daga ranar, sunan sabon nau'i ba ya karɓuwa sai an cika wasu sharuɗɗa. Marubuci ya faɗi ƙarara cewa sabon suna yake kafawa. Ya ayyana samfurin da sunan zai hau kansa. Ya rubuta siffofin da suka bambanta dabbar da makamantanta, ba kawai ya ce ta yi masa kama da baƙuwa ba. Sannan a wallafa ta hanyar da dokar ta yarda da ita. Da can ba a karɓar wallafar intanet kaɗai. Daga 2012 aka amince da mujallun intanet, da sharaɗin a yi wa aikin rajista a rumbun ZooBank kafin ya fito. Sunan da aka ambata a taro ko a jarida kawai, masana na kiransa tsiraran suna, ba shi da matsayi, kuma wani na iya riga mai shi wallafawa. Wanda ya riga, nasa ne ke tsayawa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan Hijaz. A watan Fabrairun 2009, Iyad Zalmout, wanda a lokacin yake bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka, yana aiki tare da ma'aikatan Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya mai hedikwata a Jidda, ya tsinci wani ɓangaren ƙoƙon kai a Harrat al-Ujaifa. A cikin shimfiɗar duwatsun Shumaisi yake, sunan da duk mai bin hanyar Jidda zuwa Makka ya sani. An ƙiyasta shekarunsa tsakanin miliyan 29 da 28. Abin da ya tsira shi ne fuska, da ganɗa da haƙoran sama, da ɓangaren ƙashin kunne, har da ramukan cizon wata dabba mai cin nama a jikin ƙoƙon. An ba shi lamba SGS-UM 2009-002: haruffan farko na hukumar Saudiyya ne, na biyu na jami'ar, sai shekarar da aka same shi, sai lambarsa a jeri. A Yulin 2010 mujallar Nature ta wallafa shi da suna Saadanius hijazensis, daga sa'adan na Larabci, wato biri, da kuma Hijaz. Mutum 13 suka sa hannu a takardar, kusan rabinsu ma'aikatan hukumar, na ƙarshe a jerin kuma Philip Gingerich, wanda ya yi suna wajen binciken asalin manyan dabbobin teku masu shayarwa a Pakistan da Masar.

Abin da ya ɗaga darajar ƙoƙon shi ne ƙashin kunnen, mai siffar bututu irin na birran Afirka da Asiya na yau, alhali bai nuna siffofin da suka keɓanci birrai masu wutsiya ko marasa wutsiya ba. Daga nan marubutan suka yi hasashen cewa rassan biyu sun rabu ne tsakanin shekaru miliyan 29 da 24 da suka wuce. Wasu masana sun yi jayayya da hasashen daga baya. To amma a lura: ko da hasashen ya rushe gaba ɗaya, sunan Saadanius yana nan daram, domin ba a kan hasashe aka ɗora shi ba, a kan lamba 2009-002 aka ɗora shi.

Kuma ba kowane ƙashi mai tashe ne holotaif ba. Ƙashin yatsar da Zalmout ɗin ya samu a Al-Wusta cikin Nafud a 2016, aka wallafa a 2018, ya kai aƙalla shekara 85,000 kuma ya zagaye duniya a labarai, amma na ɗan Adam ne, nau'in da ke da suna tuntuni. Haka ƙasusuwan dinoso na farko da aka tabbatar a Saudiyya, waɗanda Benjamin Kear da abokan aikinsa suka wallafa a ƙarshen 2013: ƙasusuwan wutsiya da 'yan haƙora masu kimanin shekara miliyan 72 daga arewa maso yamma, kusa da Bahar Maliya. Sun gane dangin da suka fito, suka tsaya nan, ba su ƙirƙiri sabon suna ba saboda ƙasusuwan ba su da siffar da za ta ware nau'i. A ganinmu wannan kamun kai ya fi sabon suna nuna ƙwarewa.

Kafin ƙashi ya kai matsayin holotaif, mafi yawan aikin na hannu ne. Ba a taɓa shi sai an ɗauki hotonsa a inda yake tare da ma'auni a gefe, an ɗauki wurin da GPS, an rubuta ainihin shimfiɗar dutsen da ya fito ciki da abin da ke sama da ƙasa da ita. Wannan shi ne ke ba da shekaru. Ƙashin da aka ɗauke ba a rubuta wurinsa ba ya yi asarar rabin ƙimarsa nan take. In yana marmashewa, ana shafa masa gam ɗin Paraloid B-72 da aka narkar a asiton, mai ruwa-ruwa, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, domin ya shige cikin tsagogi. An fi son sa ne saboda asiton na sake narkar da shi in an yi kuskure. Sai a haƙa rami kewaye da ƙashin a bar shi a kan ɗan dutsen da ke ƙarƙashinsa, a rufe shi da jiƙaƙƙiyar takarda mai laushi, a naɗe da tsummokin buhun algarara da aka tsoma a filasta, hawa uku ko fiye gwargwadon nauyi. Wanda ya manta da takardar nan, filasta za ta kama ƙashin, ranar buɗewa ta taho da fatarsa. In ta bushe a kife dunƙulen a rufe ƙasansa. A ɗakin aiki kuma ana cire dutsen da allura da ƙaramar na'ura mai aiki da iska, ƙarƙashin madubin ƙara girma, aikin da kan ci watanni. Lambar samfuri ana rubuta ta ne a wurin da ba ya ɗauke da siffa mai muhimmanci, a kan siririn shafen gam, ba a kan haƙori ba.

Yanayinmu na nan yana da nasa sharri. Gam ɗin nan yana fara laushi in zafi ya kai wajen digiri 40, don haka ƙashin da aka liƙa aka bari cikin rufaffiyar mota da rana a Makka zai iya saki. Laimar Jidda kuma tana tayar da gishirin da ke cikin ƙashi, ya narke ya sake daskarewa ya fasa shi daga ciki. In akwai ma'adinin firit a jikinsa, laima mai yawa na mai da shi gari. Shi ya sa holotaif ke zama a durowa cikin ɗaki mai sanyi da bushewa, kwafinsa na roba ko filasta ne ake kai wa baje koli da ajin ɗalibai.

Ɓarna mafi ciwo ita ce ɓacewa. Ernst Stromer ya raɗa wa dinoson nan Spinosaurus suna a 1915 daga ƙasusuwan da aka tono a Bahariya ta Masar. A Afrilun 1944 bama-baman yaƙi suka faɗa kan gidan tarihin Miyunik da ke Jamus, holotaif ya ƙone, sai zane da hotuna suka rage. A 2014 Nizar Ibrahim da abokansa suka gabatar da wani ƙwarangwal daga Maroko ya maye gurbinsa, abin da ake kira niyotaif, kuma ba dukan masana suka gamsu cewa dabba ɗaya ce ba. Akwai kuma matsalar fitar da kaya ba bisa ƙa'ida ba: wani ƙaramin dinoso na Burazil da aka wallafa a 2020, sai da mujallar ta janye takardar, aka mayar da ƙashin gida daga Jamus a 2023. Sauran matsalolin sanannu ne: a haɗa ƙasusuwan dabbobi biyu a zaci ɗaya ce, ko a ɗora suna kan guntun haƙorin da bai bambanta da na kowa ba, sunan ya zama abin shakka. Sauran samfuran da marubuci ya lissafa tare da holotaif su ne faratayif. Suna taimakawa wajen bayani, ba sa riƙe suna.

Ta nan ne maganar ta haɗu da sunan masanin kansa. A rubutun kimiyya ana bin sunan nau'i da sunan wanda ya kafa shi da shekara, misali Ouranosaurus nigeriensis Taquet, 1976, dinoson da aka tono a Gadufawa ta Nijar. Ba a saba mutum ya sa wa dabba sunansa ba, wasu ne ke karrama shi, kamar yadda Paul Sereno da abokansa suka karrama Taquet da Nigersaurus taqueti a 1999. Sai dai ambaton sunan masanin bayan sunan nau'i bai cika shiga jerin manazarta a ƙarshen takarda ba, don haka Scopus da Google Scholar, rumbunan da ke ƙirga yawan ambaton takardu, ba sa ƙirga shi. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005 kuma jami'o'i ke dubawa wajen ƙarin girma, yana cewa mai h 20 yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Wanda ya kwashe shekara biyar kan ƙwarangwal ɗaya ya fitar da littafi mai shafi 200, takarda ɗaya ma'aunin zai lissafa masa. Mai son auna masanin burbushin halittu ya duba sunayen da ya kafa, nawa ne suka tsira bayan wasu sun je sun buɗe durowa sun sake aunawa, sannan ya duba ko lambar samfurin da sunan gidan da ke ajiye da shi suna rubuce a takardar.