Tsinkewar tsirkiyar jita a mamurɗi mai kulle

Mamurɗi mai kulle, wanda makaɗa ke ce wa lokin-tuna, wani nau'in ƙarfen saita sautin jita ne da ke danne tsirkiya a cikin ramin turkensa, maimakon a yi ta naɗe ta sau uku ko huɗu kamar yadda aka saba. Amfaninsa biyu ne, saiti ba ya saurin gocewa, kuma canza tsirkiya ba ya cin lokaci. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce tsinkewar tsirkiya daidai bakin turken, musamman siririyar nan ta E ta sama, kuma yawanci hannun mai ɗaurawa ne ke jawo hakan ba ƙarfen ba.

Tarihi

Asalin abin daga sandar tiremolo ya taso, wato sandar da ke jikin wasu jitoci da makaɗi ke dannawa don ya karkarwa da sauti. Tun da kamfanin Fender ya fito da jitar Stratocaster a 1954 makaɗa ke fama da abu ɗaya, idan aka danna sandar tsirkiyoyi su saki, naɗin da ke kan turke ya ɗan warware, da aka sake ta kuma ba ya komawa daidai inda yake, shi ke nan sauti ya goce ana tsakiyar kiɗa. A ƙarshen shekarun 1970 Floyd Rose a Amurka ya ɓullo da tasa mafitar, wato a kulle tsirkiya a wuri biyu, a jakin wuya da jakin ƙasa (abubuwan da tsirkiya ke hawa a kansu, ɗaya kusa da kan jitar, ɗaya a jikinta), ya kuma samu rajistar ƙirƙirar a 1979. Abin ya yi aiki sosai amma da wahalarsa, sai da ɗan sifana ake kwance shi kafin a taɓa saiti, ga shi sai an yanke ƙullin gindin tsirkiya kafin a saka ta.

Robert Sperzel na garin Cleveland a jihar Ohio shi ne ya bi wata hanyar, ya ce a kulle tsirkiyar a kan turken kansa. Ana danganta fitowar samfurinsa mai suna Trim-Lok da farkon shekarun 1980, galibi ana ambatar 1983. Ƙirar tasa mai sauƙi ce, turken yana da rami a ciki, akwai wani ɗan fil da ke hawa sama idan aka murɗa ɗan faifan da ke bayan kan jitar, sai ya matse tsirkiyar. Ya kuma yi turakun da tsawo daban-daban yadda tsirkiyoyin da ke nesa za su sauka da kwana mai kyau a kan jakin wuya. Abin ya bazu bayan Fender ta saka irinsa a jitarta Strat Plus da ta fito a 1987. Daga nan Schaller ta Jamus da Gotoh ta Japan da Grover da Hipshot kowa ya fito da nasa, wasu da faifai a baya, na kamfanin jita na PRS da ɗan noti a saman turke, wani samfurin Gotoh kuma da kansa yake kullewa yayin da ake murɗawa. Akwai ma Auto-Trim na D'Addario da Ned Steinberger ya zana, shi har ragowar tsirkiyar yake datsewa.

Abin da ke jawo tsinkewa

Siririyar E mai kaurin inci 0.010 a jita mai tsawon inci 25.5 tana ɗauke da ja na kusan fam 16, wato kilo 7 da 'yan kai. A tsohon mamurɗi naɗin ne ke raba wannan nauyi a jikin turke. A mai kulle kuwa idan babu naɗi ko kaɗan, duk jan nan a wuri ɗaya yake taruwa, inda tsirkiyar ta lanƙwashe a bakin rami.

Babban laifi shi ne matsewa fiye da kima. Wasu har filaya suke sa wa faifan, fil ɗin ya baje tsirkiyar, idan ka cire ta ka duba za ka ga wurin ya yi fale-fale yana ƙyalli, to nan za ta katse. Sai kuma kaifin da kan rage a bakin ramin tun daga masana'anta ko wanda tsofaffin tsirkiyoyi suka ci. Akwai kuma gajiyar ƙarfe, duk sanda aka sassauta tsirkiya aka sake ja, lanƙwasar nan tana miƙewa tana komawa, kamar dai yadda ake karya waya da hannu, shi ya sa masu yawan sauke saiti da mayarwa suka fi gamuwa da abin, haka ma wanda ya cire tsirkiya don goge jita ya sake mayar da ita.

Inda ta tsinke shi ke nuna mai laifi. In a jakin ƙasa ne, babu ruwan mamurɗi.

Rigakafi

A juya turke ramin ya fuskanci tsirkiyar kai tsaye, a zura ta, a ja da hannu amma a bar ɗan sako-sako yadda in ta hau saiti za ta zagaye turken kamar rabi zuwa kashi uku cikin huɗu. A matse faifan da yatsu kawai, da zarar ya kama ya tsaya to ya isa. Sai an kulle sannan a yanke ragowar, wannan yana da muhimmanci ga tsirkiyoyi masu naɗi, wato masu kaurin nan da aka naɗe da waya, waɗanda cibiyarsu zagayayya ce, don in aka riga aka yanke naɗin na iya saki sautin ya mutu. In ana zargin kaifi a bakin rami, a zura guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi a yi ta gogawa a hankali, ko a yi da samfefa mai laushi sosai. A riƙa shafa bakin fensir a tsagin jakin wuya don kar tsirkiya ta maƙale. Wadda aka taɓa kullewa aka kwance, gara a canza ta.

Saɓani

Masu gyara sun rabu kan naɗi. Wasu na ganin cikakken zagaye ɗaya a siraran tsirkiyoyi yana rage tsinkewa, wasu sun ce hakan ya dawo da matsalar da aka ƙera mamurɗin don ya kawar.